Jiki, Laƙabi da Abota a Adabin Yara: Nazari Daga Bagudo da Bakin Iyakar Benin

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki ƙagaggun labaran yara biyu na Amurka da suka yi magana a kan cin zalin mai ƙiba a makaranta, ta auna su da rayuwar yaran ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da kuma tatsuniyar Ta-Kitse. Hanyar nazarin ita ce kwatanta matani da duba muhallin mai karatu. Abin da aka gano shi ne, matsayin da littattafan suka ba ƙiba ba zai zauna a Bagudo ba, amma dabarar ɗora labari a bakin ɗan kallo abin aro ce.

Gabatarwa

Bagudo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, a gaɓar Kogin Kwara, ta yi iyaka da jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya ana shiga Segbana, daga Lolo kuma ana fuskantar Madekali da Malanbil. Illo tsohuwar daula ce ta Bargu, Ka'oje kuwa gari ne na Fulani. Saboda haka aji ɗaya na firamare yana iya haɗa Bahaushe da Bafulatani da Badande da Bakyange da Bazabarme, Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, a gida kuwa kowa da harshensa. Inda jikuna da harsuna suka bambanta haka, laƙabi ba ya wuyar samuwa.

Dan Olweus, wanda ya fara binciken cin zali tsakanin ɗalibai a ƙasashen Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya kafa masa sharuɗɗa uku: a yi shi da gangan, a riƙa maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ya kasance ba shi da ƙarfin ramawa. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci haka a cikin watan da ya gabaci tambayarsa, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari. Dalilin da yaran suka fi ambata shi ne kamannin jiki.

Littattafan biyu

Judy Blume ta fitar da Blubber a 1974. Wata yarinya mai jiki, Linda, ta yi wa 'yan aji biyar bayani a kan kitsen wata ƙatuwar dabbar teku, sai shugabar 'yan matan ajin, Wendy, ta maƙala mata sunan kitsen. Mai ba da labarin, Jill, ba ita ce ake zalunta ba. Tana cikin masu dariya, har da hannunta a wulaƙancin. Ranar da ta ƙi bin umarnin Wendy, bayan an ci mutuncin aminiyarta Tracy saboda asalinta na Sin, sai ajin ya juyo kanta, Linda ma ta koma ɓangaren Wendy. Ba wanda ya tuba, malamai kuma ba su ga komai ba.

Barthe DeClements ta bi wata hanya a Nothing's Fair in Fifth Grade na 1981. Elsie tana satar kuɗin abincin 'yan aji don yunwar takunkumin cin da uwarta ta sa mata. Daga baya ta koya wa mai ba da labarin lissafi, suka ƙulla abota, jikinta kuma ya ragu. A nan ne raunin littafin yake a ganina, domin karɓuwar yarinyar ta zo tare da ramarta, kamar dai jikin ne ya yi laifin tun farko.

Littattafan sun fito daga al'ummar da ta daɗe da ƙyamar ƙiba. A 1961 Stephen Richardson da abokan aikinsa sun nuna wa yaran Amurka zanen yara shida, huɗu masu naƙasa ko tabo, ɗaya mai ƙiba, ɗaya ba shi da ko ɗaya, suka ce su jera su bisa wanda suka fi so. Mai ƙiba ne ya zo ƙarshe. Da Janet Latner da Albert Stunkard suka maimaita gwajin, sakamakonsu na 2003 ya nuna ƙyamar ƙaruwa ta yi.

Ma'aunin Bagudo

Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma babu jihar da ta kai ta. Waɗannan yara su ne suka cika azuzuwan firamare a shekarun da suka biyo baya. A irin wannan wuri, jariri ɓulɓul abin alfaharin uwa ne, amaryar da ta yi jiki a gidan miji kuma shaida ce ta cewa ana kula da ita. Rama ce ke jawo tambaya: ko ciwo, ko yunwa, ko ɓacin rai. Wannan ra'ayi ya game yankin Sahel. Rebecca Popenoe ta rubuta a 2004 yadda Larabawan Azawak na Nijar ke ɗura wa 'yan mata madara da fura don su yi ƙiba kafin aure.

Ba a ce mai jiki ya tsira ba. Ana kiransa lukuti, ana ce masa buhu, ana zarginsa da ci da lalaci, a ƙwallo kuma a tura shi tsaron gida. Sai dai zagin da ya fi zafi shi ne wanda ke tona asirin gida. Idan aka kira yaro tsinke ko ƙanjamamme, ko aka yi wa tumbinsa da jan gashinsa dariya, maganar ta wuce shi ta kai ga rumbun ubansa da tukunyar uwarsa. Kunyar da ke biyo baya ta fi ta Linda nauyi, domin ba ya iya kai ƙara gida ba tare da ya maimaita wa iyayensa gorin talaucinsu ba. A bakin iyaka akwai ƙarin abin gori: karyayyar Hausa, ko ƙidayar Faransanci a bakin yaron da ya fara karatu a Segbana kafin iyayensa su tsallako.

Ta-Kitse da barkwanci

Adabin baka ya riga ya taɓa batun. A tatsuniyar Ta-Kitse, yarinyar da ta samu daga kitsen wani sa ta zama matar sarki bisa sharaɗin kada ta kusanci zafi. Sarki na fita, kishiyoyi suka taru suka tilasta mata aiki, ta narke. Sharuɗɗan Olweus duka suna nan: ganganci, naci, da taron dangi a kan wadda ba ta da mai tsaya mata. Amma kitse a nan kyau ne, hassada ce ta jawo zaluncin, ba ƙyama ba. Tatsuniyar ta kuma san cewa zalunci yakan jira mai iko ya juya baya, abin da duk malamin da ya taɓa barin aji a hannun monita ya sani.

Inda ta gaza shi ne makaranta da abota. Muhallinta gidan sarki ne, mafita kuma daga sama take zuwa. Haka abin yake a yawancin abin da aka tanadar wa yaran Hausa a rubuce, daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam zuwa jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya: akwai hikima da nishaɗi, amma aji da filin tara ba su ne dandalinsu ba.

Wasan barkwanci shi ne ya fi wahalar sha'ani, kuma shi ne marubucin Amurka bai sani ba. Tsakanin Fulani da Arawa, ko ɗan mace da ɗan namiji, zolaya hakki ce, kuma UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Yaro ya taso yana ganin manya na yi wa juna ba'a a rabu da dariya, don haka in ya yi kuka sai a ce bai san wasa ba. Amma barkwanci yana da ƙa'ida: kowa na da damar ramawa, kuma taubashinka shi ne farkon mai tsaya maka ranar wuya. Labarin da zai yi aiki a Bagudo dole ya nuna wa yaro daidai inda ramuwa ta gagara, wasa ya koma cin zali.

Bakin da ya dace da labarin

Christina Salmivalli da abokan bincikenta a Finlan sun nuna a 1996 cewa yawancin 'yan aji ba azzalumai ba ne, ba kuma waɗanda ake zalunta ba: akwai mataimaka, da masu zuga da dariya, da masu kawar da kai, da 'yan kaɗan masu kariya. Mafi yawan masu karatu a cikin waɗannan suke, shi ya sa zaɓin Blume na sa Jill ta ba da labari ya fi komai amfani ga marubucin Hausa. Mai ba da labarin zai iya zama yarinyar Tsamiya da ke raba ƙosai da sabuwar ɗaliba a hanyar gida, amma in an shiga aji ta bi sahun masu kwaikwayon maganarta. Jikin wadda ake zolaya kada ya canza kafin labari ya ƙare, mai rama ce ko mai ƙiba.

Irin wannan rubutu yana buƙatar a fara tattara laƙubban da yara ke kiran juna da su a makarantun Tsamiya da Lolo da Illo da Ka'oje, cikin Hausar yamma da suke yi da kuma Dandanci da Fulatanci, tare da tantance waɗanda malamai da kansu suke amfani da su wajen kiran suna.