Ganuwar ƙwayar cuta da tarihin allurar sanƙarau a ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogondutsi har Tibiri, tana cikin yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana a 1963 a matsayin zirin sanƙarau. A 2015 annobar sanƙarau nau'in C ta kama kimanin mutum 8,500 a Nijar, ta hallaka sama da 500, kuma Dogondutsi da Gaya suna cikin wuraren da ta fi tsanani. Allurar da likitoci suka dogara da ita a lokacin ita ce seftiriyazon, ƴar dangin penisilin. Ya kamata mai karatu ya san tarihin wannan dangi, domin ƙarfinsa ba dawwamamme ba ne.

Ƙwayar bakteriya tana kewaye da bango mai kama da ganuwar birni, wanda take ginawa kullum tana yaɓewa. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, yana ɗaure sinadaran da ke aikin magina. Idan gini ya tsaya, sai ganuwa ta tsage, ƙwayar ta fashe. Da yake ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, maganin bai cika taɓa su ba.

Amma tun 1940, kafin penisilin ya bazu a asibitoci, Abraham da Chain suka gano a Oxford cewa wasu ƙwayoyi suna fitar da wani sinadari mai datse maganin kafin ya isa ganuwa. Wannan ita ce dabara ta farko. Ta biyu ita ce sauya kamannin maginan yadda magani ba zai iya riƙe su ba: haka aka gani a Ingila a 1961, jim kaɗan bayan fitowar metisilin, haka kuma ƙwayar ciwon huhu take yi, wadda ita ma tana haddasa sanƙarau. Ta uku ita ce rage ƙofofin da magani ke shiga, ko tunkuɗo shi waje. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙwayoyi suna miƙa wa junansu waɗannan dabaru, ko da ba jinsi ɗaya ba ne.

Wannan tarihi bai tsallake Nijar ba. Gwajin da aka yi a jihohin Maradi da Damagaram a 2003 ya nuna seftiriyazon yana aiki daidai da allurar kuloramfenikol mai maiƙo, wadda aka daɗe ana amfani da ita. Sai dai wani binciken da aka wallafa a 2011, a kan yara masu tamowa da aka kwantar a Maradi, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu datse magungunan wannan dangi, kuma akasarin sauran sun kwashe su kafin sallama.

Ƙwayar da ke kawo annobar sanƙarau tana jin seftiriyazon har yanzu. Amma duk kafson amoksisilin da aka saya a faranti ranar kasuwa, aka sha kwana biyu aka bari, yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar wa masu taurin kai fili. Fleming da kansa ya yi kashedi a kan shan abin da bai kai ƙima ba, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da bakin da jama'ar karkara ke saurare. Su tunatar da iyaye cewa likita ke rubuta magani, a shanye shi yadda ya ce, a kuma kai yara rigakafi, wanda Hausawa suka ce ya fi magani.