Ruwan Daskarwa a Tarihin Zaren Biskos

A shekarar 1892 ne wasu masana sinadarai uku a Ingila, Charles Cross da Edward Bevan da Clayton Beadle, suka yi rajistar hanyar narkar da selulos, wato sinadarin da ya gina jikin itace da auduga, inda ake jiƙa shi da soda, a haɗa shi da kabon disalfaid, har ya koma ruwa mai kauri da yauƙi wanda suka kira biskos. Mayar da wannan ruwa zare mai ƙarko shi ne ya ci shekaru. Dabarar da aka bi ita ce jiƙaƙƙen kaɗi, wato a tura ruwan ta ƙananan huji zuwa cikin bahon sinadarai, ya daskare a ciki, a jawo shi sili-sili. Da ita kamfanin Courtaulds ya fara aiki a Coventry a 1905, kuma a daidai lokacin wani masani mai suna Max Müller ya fito da baho mai haɗin asid na farar wuta da gishirin sodiyom salfet.

Abin da ke faruwa a cikin bahon shi ke yanke hukuncin ingancin zare. Asid yana fara taɓa bayan sili, sai ya yi fata alhali cikinsa na nan ruwa-ruwa, kuma idan cikin ya tsane ya motse, fatar kan yamutse, shi ya sa idan aka yanka zaren aka duba da madubin ƙara girma ake ganin gefensa da tsaga-tsaga. In asid ya yi ƙarfi, zaren yakan sandare tun ba a miƙe shi ba, ƙwayoyinsa su zauna a hargitse, ya yi rauni, balle in ya jiƙe.

Gyara mafi tasiri ya zo a 1911, sa'ad da Napper, masani a Courtaulds, ya zuba ɗan gishirin tutiya a bahon. Tutiya tana jinkirta komawar biskos zuwa selulos, ta ba da damar a ja sili har ƙwayoyinsa su jeru, fatar kuma ta ƙara kauri. A kan wannan aka gina zare mai ƙarfi da aka soma sawa cikin tayoyin mota a shekarun 1930. A Japan kuwa, wani masani mai suna Tachikawa ya rage asid da zafin bahon, ya samu zare mai kama da auduga wanda ba ya saki sosai a ruwa. Sai dai ma'aikatan ɗakunan kaɗi sun biya wannan ci gaba da lafiyarsu, domin tururin kabon disalfaid da ke tashi daga bahon yana lalata jijiyoyi da zuciya.