Ɗan sakandare, kwamfutar aro da wasan da ya zaga duniya a kan takarda

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna ko na siyasa ba. Tarihin wani wasan kwamfuta ne wanda babu hoto a cikinsa, babu sauti, babu kala. Haruffa ne kawai da lambobi. Duk da haka, kusan babu wata kwamfuta ta shekarun 1970 da bai sauka a kanta ba. Sunansa Star Trek, kuma wanda ya fara rubuta shi yaro ne ɗan sakandare.

Bari mu fara da yadda zamanin yake. Daga 1966 zuwa 1969 an nuna wani shirin talabijin a Amurka mai suna Star Trek, labarin wani jirgin sararin samaniya, Enterprise, da abokan gabarsa da ake kira Klingon. An dakatar da shirin a 1969, amma matasa ba su daina son sa ba. A lokacin kwamfuta ba abin da mutum ke ajiyewa a ɗakinsa ba ce. Ƙatuwar na'ura ce a jami'a ko kamfani, mutane da yawa na amfani da ita lokaci guda, kowa ta tasharsa.

A 1971, wani ɗalibi mai suna Mike Mayfield, yana shekarar ƙarshe a sakandare a jihar Kalifoniya, ya samu hanyar shiga kwamfutar Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, samfurin Sigma 7. Shi ba ɗalibin jami'ar ba ne, da asusun aro yake shiga. Yana koya wa kansa harshen rubuta manhaja mai suna BASIC, wanda aka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth a 1964 domin masu koyo. Ya ga wasan Spacewar!, wanda aka fara yi a MIT a 1962, inda jirage biyu ke harbin juna a kan allo. Ya so ya yi irinsa. To amma fa shi ba shi da allo. Abin da ke gabansa Teletype ce, wato tafireta mai haɗe da kwamfuta, tana buga harafi 10 a daƙiƙa ɗaya a kan takarda.

Ka ga a nan wani zai ce shi ke nan, babu kayan aiki, sai a haƙura. Shi kuwa sai ya gina wasan daidai da abin da ke hannunsa. Tunda jirgi ba zai yi motsi a kan takarda ba, sai ya mayar da abin kamar dara: ka yi naka, kwamfuta ta yi nata, ta buga maka sakamako.

Ga yadda tsarin yake. An raba sararin samaniya yanki 8 sau 8, wato 64. Kowane yanki kuma yana da gida 8 sau 8. Jimilla gida 4,096 ke nan. Jirginka alama ce kamar haka <*>, abokin gaba +++, sansanin da za ka sha mai >!<, tauraro kuwa *. Kana farawa da ƙarfin wuta 3000 da roka 10. Ƙarfin nan da shi za ka yi tafiya, da shi za ka yi harbi, da shi za ka ɗaga garkuwa. In ka zuba shi duka a harbi, ka bar kanka tsirara. In ka zuba a garkuwa, ba ka da abin kai hari. Kuma akwai wa'adi, dole ka gama da abokan gaba kafin lokaci ya cika.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar hangen nesa. Maimakon ta zana maka taswirar kowane yanki da ke maƙwabtaka da kai, wanda zai ci lokaci da takarda, sai ta ba ka lamba uku. In ka ga 215, ma'ana abokan gaba 2, sansani 1, taurari 5. Bayani guda uku cikin harafi uku. Ƙarancin kayan aiki ne ya haifi wannan dabara.

Da yake ba shi da wurin ajiya a cikin kwamfutar, a kan wani siririn zaren takarda mai huda-huda yake adana aikinsa, ya tafi da shi gida. Da a nan labarin ya tsaya, da yau ba wanda ya san shi.

Sai ga 1972. Kamfanin Hewlett-Packard ya fito da kalkuleta ta aljihu mai suna HP-35. Mayfield ya sayi ɗaya, yana yawan zuwa ofishin kamfanin na yankinsu. A nan aka ba shi dama ya yi amfani da kwamfutarsu HP 2000C, da sharaɗin ya kawo wasansa kanta. Ya sake rubuta shi, ya gama a watan Oktoba na 1972, kamfanin ya saka shi cikin rumbun manhajojin da masu amfani ke bayarwa kyauta, da sunan STTR1.

To, me ya sa sai an sake rubutawa, alhali duk BASIC ne? Saboda BASIC ɗin yana da karin harshe, kamar yadda Kananci da Sakkwatanci duk Hausa ne amma kowa da yadda yake faɗin abu. Bambancin kawai, mutum zai gane ka ko da karinku ya bambanta, ita kwamfuta harafi ɗaya ya sauya sai ta tsaya cak. Ga misali. Taswirar yanki ɗaya tana da gida 64, kowane gida harafi 3, wato harafi 192. Amma BASIC na HP ba ya ɗaukar jerin haruffa da ya wuce 72. Sai Mayfield ya yanka taswirar gida uku: 72, 72 da 48. Duk lokacin da jirgi zai motsa, sai manhajar ta fara lissafa a wane yanka yake. Da wasan ya koma BASIC na Microsoft daga baya, wanda ke ɗaukar har 255, sai aka haɗe su wuri guda. Wannan shi ne aikin sauya wa manhaja gida: ka fahimci abin da mai ita yake nufi, ka sake faɗinsa da bakin sabuwar na'ura.

Daga rumbun HP, wasan ya faɗa hannun David Ahl, ma'aikaci a sashen ilimi na kamfanin DEC. Aka mayar da shi karin BASIC na DEC, aka buga shi a 1973 cikin littafin 101 BASIC Computer Games da sunan SPACWR. Ku lura da kyau, umarnin wasan ne gaba ɗaya aka buga a takarda, layi bayan layi. Mai so sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa. Kuma duk wanda ya kwafe layi ɗari-ɗari, ya yi kuskure, ya nemo kuskuren ya gyara, to ya koyi rubuta manhaja ko bai yi niyya ba.

A 1974 wani injiniya, Bob Leedom, ya ɗora shi a kan kwamfutar Data General Nova, ya yi masa ƙari. A da da lambobi ake ba da umarni, shi ya mayar da su gajerun kalmomi masu harafi uku, irin su NAV na tafiya da TOR na harba roka. Ya ba yankunan sunayen taurari, ya sa ma'aikatan jirgin suna kawo rahoto. Ahl, wanda ya kafa mujallar Creative Computing a 1974, ya buga wannan sigar da sunan Super Star Trek. A 1978 ta shiga littafin BASIC Computer Games, daidai lokacin da ƙananan kwamfutocin gida irin su Apple II da TRS-80 suka shigo kasuwa. Littafin nan shi ne littafin kwamfuta na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya. A Jami'ar Berkeley ma, Eric Allman ya rubuta nasa da harshen C, ya shiga cikin wasannin Unix na BSD.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo wannan labari. Ni a ganina, hazaƙar Mayfield kaɗai ba ta isa ba. Abu biyu ne suka raya wasan. Na farko, wasu manya sun buɗe wa yaro ƙofa, sun ba shi na'ura ya zauna a gabanta. Na biyu, an bar aikin a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ƙara. Daga ɗan sakandare zuwa ma'aikacin kamfani zuwa injiniya, kowa ya ɗora nasa tubalin. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Wayar da ke hannunka yanzu ta fi Sigma 7 ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka tambayata biyu ce. Ga masu riƙe da makullin ɗakin kwamfuta a makarantu da ofisoshi: yara nawa kuka bari suka shiga suka taɓa? Na'urar da aka lulluɓe da ƙyalle don kada ta lalace, ai ta riga ta lalace. Ga mu matasa kuma: in ka rubuta ɗan abu, kana ɓoye shi don kada a sace, ko kana nuna wa na ƙasa da kai yadda ka yi?

In kana koyon Python ko wani harshe, ga aikin gida. Zana gida 8 sau 8 da haruffa, saka jirgi ɗaya da abokin gaba ɗaya, ka sa su harbi juna. In ya yi aiki, tura wa abokinka umarnin, ka ce ya ƙara abu ɗaya.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.