Ramin Jet da Hannun Bakanike

Wani yaro da ke koyon kanikanci a Ƙetaren Gwari da ke Minna ya tambaye ni ko gaskiya ne a zamaninmu mukan faɗaɗa ramin jet ɗin kafireto ko mu tsuke shi da hannu, kuma ya yi tambayar ne da muryar wanda aka riga aka karantar da shi cewa wannan ɓarna ce irin ta mutanen da. To, da yake yanzu na ajiye sifana, ganina kuma ya yi rauni, na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani, don kada a haɗa ma'abota ilmi da masu karambani a yanke musu hukunci ɗaya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa, ma'aikacin reluwe ne a loko ta Minna kafin ya kafa rumfarsa a Sabon Gari, kuma daga can ya zo da ɗabi'ar nan ta ƙin yarda da duk abin da ba a auna ba. Na zauna gabansa ne a daidai lokacin da Minna ta zama hedkwatar Jihar Neja a 1976, shekara guda bayan an buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, sa'ad da 404 da 504 suka cika tituna, akasarinsu da kafireton Solex. Darasin farko da ya biya mini shi ne lambar da ke jikin tagullar jet ɗin: in ka ga 120, to faɗin ramin milimita 1.2 ne, kuma wanda ya kai shi 125 yana tsammanin ɗan kaɗan ya taɓa, alhali ya ƙara wa ƙofar mai fiye da kashi 8 cikin 100, domin faɗin rami yana ninka kansa ne a hisabi. Saboda haka ya haramta mana zura waya a jet, haramci mai tsanani; iska kaɗai ake busawa.

Ga yadda yake yi idan aka kawo jet wanda masu waya suka riga suka cinye. Sai ya wanke shi tas, ya ɗora a kan wuta kaɗan, ya toshe ramin da dalma, ya bari ya huce; sa'an nan ya huda shi ƙasa da abin da yake nufi, ya ɗauko siraran tsinkayen ƙarfe masu kaifin gefe waɗanda ya saya wurin masu gyaran agogo, ya riƙe ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, yana murzawa a hankali, yana tsayawa, yana busawa, yana ɗagawa ga hasken rana, ba ya magana, ba kuma wanda ke masa magana. Ma'auninsa wata allura ce mai tsini a hankali, wadda ya yi wa zane a inda take tsayawa cikin jet na asali. Amma bai taɓa wadatuwa da shaidar allura ba, gama tsawon ramin da sassaƙar bakinsa su ma suna da hukunci a kan gudun mai. Sai ya ɗaura jet ɗin a gindin gwangwani, ya zuba kananzir, ya ƙirga lokacin tsiyayarsa da agogo, ya gwada da na kamfani. Bayan haka mota ta hau hanyar Bida, a kashe injin tana cikin gudu, a kwance fulogi nan bakin titi: baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa, fari fat, injin na cikin hatsari, wanda ake nema shi ne mai launin soyayyar gyaɗa.

Na tuna wani direban tasha da ya dawo daga Jos yana kumfar baki, wai an cuce shi, motar da ke tashi a Minna ta je can tana baƙin hayaƙi. Maigida ya ce masa, "Zauna, ɗana, ka sha ruwa," sa'an nan ya fahimtar da shi cewa Jos tana bisa tudu na mita 1,200 ko fiye, iskarta ba ta da kauri irin tamu, don haka man da ya yi daidai a nan ya rinjaye ta a can. Wannan fa tun kafin wahalar kayan gyara ne.

Wahalar ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da naira ta faɗi, litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5, sabon jet kuwa ya zama abin nema har Kaduna. A shekarun nan ne wannan sana'a ta riƙe motocin haya na Kontagora da Suleja a kan hanya, kuma ban ji wanda ya taɓa ambatonta da alheri ba. Direbobi suka yi ta zuwa a tsuke musu rami don mai ya yi auki. Maigida yakan rage gwargwadon abin da fulogi ya yarda, in mutum ya nace a wuce haddi sai ya miƙa masa kayansa, domin ya san ƙarshenta ƙonewar bawul ne ko hujewar fistin, shi kuwa yana ganin injin mutum amana ce. Yakan kuma faɗa wa mai mota ƙarara cewa dalma ba ta da juriyar tagulla, in ya sami na asali ya canza.

Motocin Beljiyam masu injekta su suka tashi rumfunanmu, ban kuwa ƙullace su ba, sun fi tsimin mai. Abin da ke ci mini rai shi ne kafireto bai mutu ba: yana nan a baburan Bajaj da Keke Napep da janareto, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 'yan acaɓa sun dawo da tsohuwar buƙatar nan ta tsuke rami. Sai ka ga yaro ya cusa silin wayar lantarki cikin jet, ko ya matse bakinsa da filaya, ba allura, ba agogo, ba duban fulogi. In babur ya fara zafi ya ce kafireton ya lalace, a sayo sabo ɗan Caina a jefar da wancan. Irin wannan aikin ne ake gani a jingina mana.