Duhun da Aka Tsara: Sake Duban Aikin PJ Harvey a Ɗakin Ɗaukar Sauti

Tun daga fitowar faifan Dry a 1992 wani ra'ayi ya kafu a jaridun kiɗa na Ingila game da Polly Jean Harvey, kuma har yau yana ɓullowa duk lokacin da aka waiwayi aikinta na farko. Ra'ayin shi ne waƙoƙinta aman ciki ne. Wai wata budurwa ce daga karkarar Dorset da baƙin ciki ya cika wa zuciya, ta ɗauki jita ta zazzage shi yadda ya zo, kuma kaushin sautin da tsagewar muryar su ne shaidar cewa ciwon na gaske ne. Masu faɗin haka yabo suke nufi. Amma yabo ne da ke ƙwace wa mai sana'a sana'arta, domin idan duhun waƙa ambaliya ce kawai, to mawaƙiyar ba ta yi komai ba illa buɗe baki. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne cewa duhun da ake ji a waƙoƙin Harvey, musamman daga 1992 zuwa 1995, abu ne da aka zauna aka tsara, kuma ɗaukar sautin ma wani sashe ne na rubutun waƙar.

Tushen wannan ra'ayi ya girmi Harvey, kuma an riga an yi masa bayani mai gamsarwa (Wald 2004, Hamilton 2007), don haka ba sai an tsawaita ba. Turawan da suka tattara tsofaffin fayafayan buluz na kudancin Amurka sun so su ji kukan baƙin mutum wanda bai san dabara ba, sai suka ji abin da suke so. Robert Johnson, wanda aka mayar da shi tambarin wannan tatsuniya, ya ɗauki waƙoƙi 29 a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937, kuma a yawancin inda ɗauka ta biyu ta wanzu, kusan daidai take da ta farko, har wurin da jita ke shigowa da wurin da murya ke karyewa. Mutumin da ke maimaita karyewar muryarsa a gurbi ɗaya ya san abin da yake yi, kuma ya auna waƙarsa da minti ukun da gefen faifai ke ɗauka. Harvey ta tashi a gidan da ake jin Howlin' Wolf da John Lee Hooker da Captain Beefheart, ta kuma rera “Wang Dang Doodle” ta Willie Dixon a shirin John Peel na BBC a 1993. Ta gaji salon, sai aka ɗora mata tatsuniyar da ke biye da shi, aka ƙara da wata tsohuwar ɗabi'a ta masu sharhi, wato ɗaukar duk abin da mace ta rubuta a matsayin labarin rayuwarta.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin fayafayan gwaji, waɗanda Harvey ta saki da yawa fiye da yawancin tsararrakinta. Kwafin farko na Dry ya fito da gwaje-gwajen waƙoƙin a haɗe, 4-Track Demos ya biyo baya a 1993 da waƙoƙi 14, takwas daga cikinsu na faifan Rid of Me ne, sannan daga 2020 aka shiga fitar da gwajin sauran fayafayanta ɗaya bayan ɗaya. Mai wancan ra'ayi zai yi saurin cewa ai wannan hujjarsa ce, tunda ga ta ita kaɗai a ɗaki, babu makaɗa, babu injiniya, muryar ma ta fi ta faifan tsirara. Sai dai wannan magana ta manta yadda na'urar take aiki. Rikoda mai layi huɗu gurbi huɗu kawai take bayarwa. Jita ta ci ɗaya, murya ta ci ɗaya, saura biyu. Wanda ke son abu na biyar dole ya narkar da layi biyu ko uku cikin ɗaya, kuma da zarar ya goge na asali don samun gurbi, babu sauran gyara. Saboda haka mai aiki da ita yakan san tun kafin ya danna maɓalli abin da zai fara shiga da abin da zai zo ƙarshe. A cikin waɗannan gwaje-gwaje ana jin Harvey tana yi wa kanta amshi, wata murya a ƙasa, wata siririya a sama kamar ta wata halitta dabam. Ba a yin haka a numfashi ɗaya. Sai an rera ta farko, an mayar da kaset baya, an saurara, an rera ta biyu a kanta, wataƙila sau da yawa. Ihun da ake ji a matsayin ɓarkewar zuciya ihu ne da aka jira zuwan gurbinsa da na'urar sauraro a kunne.

Zaɓen Steve Albini don ɗaukar Rid of Me ya ƙara fito da batun. An yi aikin a situdiyon Pachyderm da ke Minnesota a ƙarshen 1992, cikin kusan mako biyu, tare da Rob Ellis a ganguna da Steve Vaughan a jitar bes. Albini, wanda ya ƙi a kira shi furodusa kuma ya ƙi karɓar kaso daga cinikin faifai, an san shi da jera makirufo nesa da ganguna don ya kamo amon ɗakin, da barin murya cikin kayan kiɗa maimakon ɗaga ta sama, da ƙin matse sauti don ƙarami da babba su daidaita. Sakamakon yana bayyane a waƙar farko. Kusan minti biyu tana tafiya ƙasa-ƙasa har mai sauraro ya ƙara murya, sannan ganguna su faɗo masa. Tsoron da waƙar ke sawa yana cikin wannan tazarar, kuma tazarar shawara ce ta ɗakin ɗauka. Wasu masu sharhi a lokacin sun koka cewa Albini ya binne muryarta, ƙorafin da shi kansa ke nuna sun gane akwai hannu a cikin sautin. Akwai kuma “Man-Size”, wadda ta zo sau biyu a faifan, sau ɗaya da jita da ganguna, sau ɗaya da kayan goge na Turai da Ellis ya tsara. Kalmomin ba su canza ba, amma ta farko barazana ce, ta biyu kuma kamar zaucewa. Da wuya a ce duka biyun aman ciki ne na lokaci guda.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta dogara da tarihin rayuwa, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Harvey da bakinta ta bayyana cewa zamanta a Landan a 1992 ya jefa ta cikin ƙunci mai tsanani har ta koma Dorset, kuma a wannan tsakanin ne aka rubuta da yawa daga waƙoƙin Rid of Me. Mai suka zai ce, to ga ciwon, ga waƙoƙin, ga lokacin ya zo ɗaya, me ya rage? Zai ƙara da cewa iya sarrafa na'ura ba ya kore gaskiyar abin da aka zuba a cikinta, kamar yadda iya aruli ba ya hana marubucin marsiyya kuka na gaske. A nan dole hujjar ta tsuke. Fayafayan gwaji ba za su iya gaya mana abin da ke zuciyarta ba, kuma duk wanda ya ce waƙoƙin ba su da alaƙa da halin da ta shiga ya wuce gona da iri. Abin da shaidar ke iya ɗauka ya fi haka ƙanƙanta: ko da ciwon ne ya kawo jigon, ba shi ya zaɓi sautin ba. Ƙunci bai san inda ake ajiye makirufo ba. Mutane da yawa sun shiga irin wannan hali a wannan shekara, da jita a hannunsu, ba su fito da wannan faifan ba. Kuskuren mai sukar, a ganina, shi ne ya ɗauki dalilin rubuta waƙa ya mayar da shi bayanin yadda waƙar take, alhali tambayoyi biyu ne, kuma ta biyun ce aikin manazarci.

Ko wannan ɗan sassaucin ma yana raguwa idan aka zo To Bring You My Love na 1995, wanda shi ne faifanta mafi kusanci da buluz, kuma mafi duhu. Ta rubuta shi ita kaɗai a gidanta na karkara bayan rabuwar ƙungiyarta da Ellis da Vaughan, aka ɗauke shi tare da furodusoshi Flood da John Parish. Masu magana a cikin waƙoƙin ba mutum ɗaya ba ne: akwai wanda ya ƙetare hamada ya yi ciniki da Shaiɗan, akwai matar da aka bari da jariri tana roƙon namiji ya dawo, akwai uwar da ke ba da labarin 'yarta da ruwa ya ci a “Down by the Water”. Harvey ta taɓa nuna mamakinta cewa wasu masu sharhi sun ɗauki wannan ta ƙarshe kamar da gaske ta haihu ta nutsar da abin da ta haifa. Sautin ma ya sauya tushe. Gurnanin da ke ƙarƙashin “Down by the Water” daga ogan yake fitowa, an dagula shi har ya zama kamar ƙugin inji, kuma yana nan tun a gwajin gida da aka saki a 2020, abin da ke nuna ba Flood ne ya ƙirƙiro shi ba. Waƙar da faifan ya ci sunanta ta buɗe da aron baiti daga Beefheart, aron da duk masanin faifansa na farko zai gane nan take. A dandamali kuwa, a shekarar, ta bar baƙaƙen tufafin da aka san ta da su ta fito da jan-baki mai kauri da gashin ido na kanti, ta hau dandalin Glastonbury da matsattsiyar riga ruwan hoda. Mai wasan kwaikwayo ce ke sanar da cewa wasa take yi, amma aka ci gaba da karanta ta kamar mai ikirari.

Mai sukar yana da sauran mafaka ɗaya. Zai iya cewa 1995 ne lokacin da kamfanin Island da manyan furodusoshi suka shigo, don haka dabara ta rinjayi gaskiya, Harvey ta ainihi kuwa ita ce ta farko. Wannan rabon bai jure bin tarihin aikin ba. Island ne ya fitar da Rid of Me da 4-Track Demos ma. A 2004, bayan Stories from the City, Stories from the Sea mai sheƙi ya ci mata kyautar Mercury ta 2001, ta koma ta yi Uh Huh Her da kanta, ta kaɗa kusan komai ban da ganguna, ta dawo da kaushin da gangan lokacin da take da kuɗi da damar guje masa. A White Chalk na 2007 ta ajiye jita ta zauna gaban fiyano, kayan da ba ta ƙware da shi ba, ta rera da can saman muryarta, duhun kuma bai ragu ba duk da babu sauran gurnani ko ɗaya. Idan kaushi ne ma'aunin gaskiya, to sai a ce gaskiyarta tana zuwa tana tafiya daidai da kayan da ta zaɓa a kowane faifai, wanda hakan ya koma ga abin da ake musu a kai tun farko. A farkon 2015 ta gina situdiyo a Somerset House da ke Landan, ta sa gilashin da ake gani ta gefe ɗaya, jama'a suka sayi tikiti suna kallon ta da Flood da Parish suna aikin faifan da ya zama The Hope Six Demolition Project. Abin da masu kallo suka tarar galibi shi ne maimaita sashe ɗaya, da jira, da muhawara kan sautin ganga. Ba za a iya mayar da wannan shaida baya kai tsaye zuwa 1992 ba, tunda shekara ashirin da wani abu sun shiga tsakani, amma babu wani abu a gwaje-gwajen farko da ke nuna cewa a wancan lokacin wata hanya dabam take bi.