Yara 120 da Fadar Sin Ta Tura Karatu Amurka

A watan Agusta na 1872 wani jirgin ruwa ya tashi daga Shanghai ɗauke da yara maza 30, sanye da dogayen riguna, kowanne da kitsattsen tukkunsa da ya zubo har gadon baya. Yawancinsu ba su wuce shekara 12 ko 13 ba. Gwamnatin daular Qing ce ta biya kuɗin jirgi, kuma sharaɗin shi ne su yi shekara 15 a Amurka, su dawo da ilimin ƙera jiragen yaƙi da shimfiɗa layin dogo da haƙar ma'adinai. Kafin ƙarshen 1875 an tura ayari huɗu, jimilla yara 120.

Mutum ɗaya ne ya yi ta naci har abin ya tabbata. Yung Wing ɗan talakawa ne daga wani ƙauye kusa da Macau, wanda wani malamin mishan, Samuel Robbins Brown, ya tafi da shi Amurka a 1847. A 1854 ya kammala Jami'ar Yale, ya zama Basine na farko da ya sami digiri a wata jami'ar Amurka. Ya koma gida ya shafe shekaru yana bin ƙofofin manya, har Zeng Guofan da Li Hongzhang, manyan hakiman zamanin, suka miƙa shawararsa ga fada a 1871. Kayen da Sin ta sha a hannun Turawa a yaƙe-yaƙen Opium shi ya sa aka saurare shi.

Samun yaran ma sai da aka yi da gaske. Masu hali ba su ga dalilin raba ɗa da karatun Confucius ba, alhali shi ne hanyar samun muƙami, kuma an buƙaci uba ya sa hannu cewa ko yaro ya mutu a can, ba ruwan hukuma. Shi ya sa mafi yawan waɗanda suka tafi 'yan lardin Guangdong ne na kudu, inda aka daɗe da sabawa da fataken ƙetare.

Daga San Francisco jirgin ƙasa ya ratsa da su har gabas, aka rarraba su bibbiyu ko uku-uku a gidajen iyalai a jihohin Connecticut da Massachusetts. Ofishin shirin yana Hartford, inda ake kiransu lokaci-lokaci su yi bitar littattafan gargajiya, su fuskanci Beijing su yi gaisuwar sarki. Amma yaro ɗan shekara 12 da ke cin abinci a akushi ɗaya da 'ya'yan masu gida ba ya daɗewa yana baƙo. Nan da nan bakinsu ya faɗa da Turanci. Suka ajiye dogayen riguna, suka riƙa cusa tukku cikin wuyan riga don gudun tsokana, suka kafa ƙungiyar besbol mai suna Orientals. Ɗaya daga cikinsu, Chung Mun Yew, shi ya riƙe akalar kwalekwalen Yale lokacin da ta doke Harvard a tseren 1880 da na 1881. Wasu suka fara zuwa coci, wasu kuwa suka datse tukkun gaba ɗaya, abin da a dokar daular Qing tamkar tawaye ne.

A nan aka sami saɓani. Fada tana son ilimin injin, ba ta son yaro ya sauya hali, kamar dai ana iya shiga rafi a fito ba a jiƙe ba. Sabon shugaban shirin, Wu Zideng, ya yi ta aika rahotanni gida cewa yaran sun daina ladabi, sun zama Amurkawa. Shi kansa Yung Wing ya auri Ba'amurkiya, Mary Kellogg, a 1875, abin da bai ƙara masa daraja a idon masu sukarsa ba. Ita ma Amurka ta ba da nata gudummawar: ta ƙi karɓar yaran a makarantun sojanta na West Point da Annapolis, waɗanda su ne Li Hongzhang ya fi kwaɗayi, ga kuma ƙyamar 'yan ƙwadagon Sin da ke ƙaruwa a California. Marubuci Mark Twain da tsohon shugaban ƙasa Ulysses Grant sun sa baki, amma jinkiri kawai suka samo. A 1881 aka ce kowa ya tattaro kayansa. Biyu kacal ne suka riga suka gama digiri. Shekara guda bayan haka Majalisar Amurka ta kafa dokar hana 'yan ƙwadagon Sin shiga ƙasar.

Da suka sauka Shanghai ba wanda ya yi musu lale. An tsare su kwanaki a wani tsohon ginin makaranta, sannan aka watsa su ƙananan ayyuka a ma'aikatar waya da rundunar ruwa da mahaƙar kwal. Wasunsu sun mutu a yaƙin ruwa da Faransa a Fuzhou a 1884.

Sai da suka manyanta aka san amfaninsu. Zhan Tianyou, ɗaya daga cikin biyun da suka gama Yale, ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou tsakanin 1905 da 1909 ta cikin duwatsu, ba tare da injiniyoyin waje ba. Tang Shaoyi ya zama firayim minista na farko na Jamhuriyar Sin a 1912. Labarin Liang Cheng kuwa ya fi jan hankali. Tsohon ɗan wasan besbol ne a makarantar Phillips da ke Andover, ya dawo Washington a 1903 a matsayin jakada, ya matsa wa gwamnatin Theodore Roosevelt lamba kan diyyar da ƙasashen waje suka ƙaƙaba wa Sin bayan tawayen Boxer na 1900, yana mai cewa kason Amurka, kimanin dala miliyan 24, ya zarce asarar da ta yi. A 1908 Majalisa ta amince a mayar da kusan rabi, aka kuma karkata kuɗin ga tura ɗalibai Amurka. Ba tsabar alheri ba ce, domin masu goyon bayan shirin a Amurka sun fito fili sun ce wanda ya koyar da shugabannin Sin na gobe shi zai ci kasuwarta.

Ayarin farko na sabon shirin, ɗalibai 47, ya tashi a 1909. A 1911 aka buɗe makarantar share fage a Beijing domin masu jiran tafiya, wadda ita ce ta zama Jami'ar Tsinghua. Tang Guo'an, wanda ya raka ayarin 1909 kuma ya shugabanci makarantar daga 1912, yana cikin yaran da aka dawo da su daga Amurka ba su gama ba.