Hanyoyin kuza na Jos da keken Yerwa

A wannan fitowar za mu ɗan bar maganar kafuwar unguwa mu leƙa ƙasar Jos. Kada wani ya ce mun yi nisa, domin gidaje da yawa a cikinmu in aka bi salsala za a tarar kakansu ya taɓa cin kuza kafin ya gangaro Barno. Kuma dogon jirgin da ya ƙare a tashar nan tamu daga can aka jawo shi.

Ba Turawa ne suka fara sanin kuza ba. Tun kafin zuwansu, maƙeran Liruwe suna narka ta su mai da ita sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwanni. Sawun wannan fatauci ma'aikatan kamfanin Neja suka bi a 1902, ba a daɗe ba suka kafa sansani a Naraguta. A shekarun farko ba mota ba jirgi, a kan mutum ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki. Sai a 1914 ƙaramin jirgi daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, babban dogo kuma ya zo ta Kafanchan a 1927.

Abin da ya fi zama a bakin tsofaffinmu shi ne ɗiban gwamna. Da Japan ta kama ƙasar Malaya a yaƙin duniya na biyu, Ingila ta rasa kuzar da take samu can, sai ta juyo kan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗora wa hakimai da dagatai su kawo mutane dole. Aka kwashi manoma daga ƙasashe masu zafi aka kai su tsauni, ga sanyi, ga ƙarancin abinci, ga bukkoki masu yoyo. Da yawa sun rasu can, Allah ya jiƙansu. Wasu sun gudu. Wasu kuwa da aka sallame su ba su koma gida ba, suka kama sana'a: mai nama, mai tireda, mai ɗinki, malamin allo. Irin waɗannan ne 'ya'yansu suka bi jirgi gabas.

To, ina maganar keke ta shigo? Kamfanonin kuza, babbansu ATMN, sun shimfiɗa hanyoyin burji tsakanin ramuka da wuraren wanki da barikokin lebura, daga Bukuru zuwa Rayfield, zuwa Barikin Ladi da sauran sansanoni. An yi su ne don manyan motoci da injuna, amma talaka da ƙafa da keke ya bi su. A lokacin, leburan da ya tara kuɗi ya sayi Raleigh ya zama mutum. Ɗan tireda ya ɗaure kaya a bayan sirdi, sabulu, goro, gishiri, atamfa, ya zaga bariki bariki ranar biyan albashi. Mu 'yan kasuwa mun san darajar wannan: jarin gidaje da yawa a kan kariyar keke ya fara.

Ƙaramin jirgin Zariya an rufe shi a 1957. Shekara ɗaya bayan haka Najeriya ta ci bashin Bankin Duniya na farko, dala miliyan 28, don aikin dogo, aka fara jan layi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964. Tsawonsa kimanin kilomita 640 ne. Dattawan da suka ga ranar suna nan da rai, a tambaye su.

Kuza kuwa ta yi ta ja baya. Ta sama-sama ta ƙare, Turawa suka tattara bayan dokar mallakar kamfanoni ta 1972, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Aka bar ƙasar da ramuka cike da ruwa da tuddan ƙasa ja. Wasu ramukan masu lambu suna ban ruwan dankali da kabeji da su, na Rayfield an mai da shi wurin shaƙatawa, wasu kuma suna cin yara da dabbobi duk damina. Hanyoyin burjin suna nan, mota ba ta cika bin su ba, mai keke zai yi tafiya mai nisa bai ji hon ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: tun rikicin Satumbar 2001 ba kowace hanya ce baƙo zai shiga shi kaɗai ba, kuma masu haƙa da hannu sun koma wasu wuraren suna buɗe sababbin rijiyoyi ba shinge.

Abin mamaki, a Ingila ma akwai ƙasar kuza, ana ce mata Konwal, kuma Turawanta da dama sun yi aiki a Jos. Ma'adininsu na ƙarshe ya rufe a 1998. Su ba su bar tsofaffin layukan da ake jan kuza da tagulla a kai su mutu ba. Sun cire ƙarfen, suka zuba tsakuwa, suka hana mota. Akwai hanya ɗaya mai mil 11 daga Portreath zuwa Devoran, daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, yaro da tsoho suna bi da keke, masu shayi da masu hayar keke suna cin abinci a bakinta. Aikin ba na kwalta ba ne balle a ce kuɗi ya yi yawa.

Mu nan Yerwa ba mu da ramin kuza, amma muna da keke fiye da yawancin biranen Arewa. Tun da gwamnati ta hana babur a watan Yulin 2011 saboda halin da aka shiga, malami da ɗalibi da magini da ɗan kasuwa duk suka koma feda. Ku tsaya bakin Kasuwar Monde da safe ku ƙirga. Amma a ina suke tuƙawa? A tsakanin Keke Napep da tifa da motar itace, ba gefen da aka ware musu. Yaro ɗan shekara goma da allo ko jakar boko a baya yana kutsawa ta gaban babbar mota, uwarsa na gida ba ta da kwanciyar hankali sai ya dawo. Liman ya fi kowa sanin yawan gawar da ake kawowa daga titi.

Ga kuma dogo kwance shekaru jirgi bai bi ba, ya ratsa gari, gefensa fili ne na hukuma. Ba mu ce a cire ƙarfe ba, muna fatan jirgi ya dawo. Amma gefen layin zai ɗauki siririyar hanyar burji ta keke da masu ƙafa, a kafa turaku a bakinta yadda mai ƙafa uku ba zai shiga ba. In aka yi shiru, bola da shaguna za su cinye filin kaɗan kaɗan, kamar yadda aka yi wa layin Zariya zuwa Jos, wanda yau sai tsoho ne zai nuna maka inda ya bi.

Shawararmu ga masu unguwa da kwamitin masallatai ita ce a rubuta takarda ɗaya, a kai wa kansila da ɗan majalisarmu na jiha, su kai ta gaban hukumar jiragen ƙasa, tunda filin nata ne ba na jiha ba. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya yi zaman bariki ko ya yi aikin dogo, ya zauna da shi ya ɗauki maganarsa a waya, ya kawo mana mu buga a fitowa ta gaba.